Shekara goma ana kai yara ƙofar majalisa: yadda aka yi a New Mexico

Duk wanda ya taɓa bin tawaga zuwa majalisa neman wani abu ya san yadda ake ƙarewa, a yi musabaha, a ɗau hoto, a ce muku za a duba, ku koma gida kuna ta murna kamar an ba ku wani abu a hannu. Shi ya sa labarin jihar New Mexico ta Amurka ya daɗe yana min yawo a kai, don su ma haka suka yi ta yi shekara da shekaru, malaman gidajen raino da iyaye mata suna kwasar yara a bas zuwa Santa Fe babban birnin jihar, ana musu murmushi ana sallamarsu hannu rabbana, kafin daga baya su gano inda gizo ke saƙa.

Jihar tana kudu maso yammacin Amurka ne, tsakanin Texas da Arizona, daga kudu tana iyaka da ƙasar Meziko, mutanenta sun ɗan haura miliyan 2. Kusan rabinsu masu jinin Sifaniyawa da Meziko ne, ga kuma ƙabilun asali irin su Navajo da Apache da Pueblo. Talauci kam akwai shi. Akwai wani rahoto da gidauniyar Annie E. Casey take fitarwa duk shekara mai suna Kids Count, ana jera jihohi 50 bisa yadda yaransu ke rayuwa ta fuskar lafiya da karatu da abin hannun iyaye, a 2013 New Mexico ta zo ta 50, haka a 2018, haka a 2019. Wato kashin baya.

Abin da ya sa maganar take da ciwo shi ne jihar ba matsiyaciya ba ce. Tun kafin ta zama cikakkiyar jiha a 1912, gwamnatin tarayya ta yanka mata filaye miliyoyin eka da sharaɗin duk abin da suka haifar a kashe shi a makarantu da jami'o'i da wasu cibiyoyi da aka lissafa. Sai Allah ya sa ƙarƙashin filayen nan, musamman can kudu maso gabas a yankin Permian, akwai man fetur da iskar gas kamar hauka. Kuɗin da kamfanoni ke biya suna zuba cikin wani asusu da ake kira Land Grant Permanent Fund, ana juya su a kasuwar hannun jari, duk shekara a ɗebi kashi 5 cikin 100 na matsakaicin darajar asusun ta shekara biyar a raba wa masu haƙƙi. Kafin a kai 2022 asusun ya wuce dala biliyan 20 nesa ba kusa ba. Amma fa yaron da bai kai shekarun shiga makaranta ba, ɗan wata shida, ɗan shekara uku, ba ya cikin lissafi kwata-kwata, don lokacin da aka rubuta dokar babu wanda ke tunanin rabin aji balle gidan raino.

To a 2011 aka shigar da buƙata guda ɗaya: a gyara kundin tsarin mulkin jiha a ƙara ɗibar ɗan wani abu, kashi 1 cikin 100 ko sama da haka kaɗan, a zuba wa ƙananan yara, wato rabin aji, tallafin kuɗin raino ga iyaye masu aiki, da kuma shirin da ma'aikata ke bin gidajen masu jego suna duba uwa da jariri. Kuma hanyar ba ta da wani sarƙaƙiya a takarda. Majalisar wakilai mai mutum 70 ta amince, ta dattawa mai mutum 42 ta amince, gwamna ba shi da ta cewa a irin wannan ƙuduri, daga nan sai a kai wa jama'a su kaɗa ƙuri'a. Masu neman abin suna ta cewa mu fa ba mu ce ku ba mu kuɗi ba, ku dai bari mutane su zaɓa.

Yanzu bari mu zo kan ranar kanta. Majalisar New Mexico ba ta zama tsawon shekara, ana buɗewa a watan Janairu, shekara mai mara kwana 60, mai cika kwana 30, shi ke nan a watse. 'Yan majalisar kuma a duk tsawon wannan dambarwa ba su da albashi, alawus ɗin zama da na hanya kawai, yawancinsu lauyoyi ne ko 'yan kasuwa ko 'yan fansho. Saboda haka kwanakin nan a cushe suke, kowace ƙungiya tana da ranarta, yau manoma gobe nas-nas jibi 'yan kwana-kwana. Masu maganar yara suka haɗu ƙarƙashin wata gamayya mai suna Invest in Kids Now, a ciki akwai CHI St. Joseph's Children ta cocin Katolika wadda Allen Sánchez ke jagoranta, da New Mexico Voices for Children, da OLÉ mai haɗa kan malaman raino da iyaye. Ranarsu suka sa mata suna 1000 Kid March, tattakin yara dubu, a zo da jarirai a keken turawa a kewaye ginin majalisar da suke kira Roundhouse.

Ka ƙaddara mace ce mai aikin raino a Las Cruces can kudu. Kafin ta je sai ta samo wadda za ta riƙe mata aji, ko a rufe gidan rainon ranar ɗungurungum iyaye su san inda za su kai yaransu, kuma kuɗin ranar ya tafi, ga shi dama abin da take samu a awa bai taka kara ya karya ba. Tafiyar kusan awa huɗu ce a mota, wato tun duhun asuba an loda yara a bas. Santa Fe a kan tudu take, sama da mita 2,000, a Janairu sanyi ne mai shiga ƙashi. Ana isa za a tara su a yi musu bita: ga sunan wakilinki, ga sanatanki, ga lambar ofishinsa, ga takarda shafi ɗaya kada ki wuce abin da ke ciki, ki fara da faɗin unguwarku don ya san ƙuri'arki a mazaɓarsa take. Sai a rarraba su uku-uku ko biyar-biyar a shiga neman mutum. Sau da yawa ba ya ofis, yana zauren majalisa ko yana kwamiti, sai dai a tare shi a baranda yana sauri da fayil a hammata, minti biyu ko uku kike da shi ga yaro yana jan siket ɗinki yana cewa fitsari.

Abin da ake koya mata ta faɗa bai wuce haka ba: Sanata, ni daga mazaɓarka nake, shekarata kaza ina raino, ga iyaye nan a layi suna jiran gurbi babu, malamaina suna guduwa kanti saboda can an fi biya, ƙudurin nan in ya zo gabanka e za ka ce ko a'a? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ran ziyarar, kuma ita ce mutane suka fi jin nauyin yi. Don ɗan siyasa ko ina yake a duniya ba zai taɓa ce maka ba ya son yara ba, zai durƙusa ya gaisa da yaron, ya ce shi ma yana da jikoki, ya ce yana tare da ku ɗari bisa ɗari, in ba ki matsa ba ki fito kina jin daɗi alhali bai ce komai ba.

Hujja kuwa suna da ita. Sunan da ya fi yawo a takardunsu shi ne James Heckman na Jami'ar Chicago wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, shi da abokan aikinsa suka bi diddigin wani gwaji da aka yi a garin Ypsilanti na jihar Michigan a shekarun 1960, yara 123 'ya'yan talakawa, wasu aka sa su rabin aji mai inganci wasu ba a sa ba, aka yi ta bibiyarsu har suka manyanta. Lissafinsu ya nuna ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 duk shekara kan kuɗin da aka kashe, ta hanyar samun aiki da raguwar shiga kurkuku da sauransu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ba wanda ya musa a majalisar, har masu adawa.

Amma shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, abu ɗaya ake maimaitawa. A majalisar wakilai Moe Maestas da Javier Martínez, dukkansu daga Albuquerque, su ɗauko ƙudurin, a yi ta muhawara, a shekaru da dama ya wuce, a yi tafi. Yana shiga majalisar dattawa sai ya faɗa kwamiti ya kwanta, har kwana 30 ko 60 ɗin su cika a rufe zama, badi a faro daga farko. Kuma abin mamaki ba 'yan Rifablikan kaɗai ke tare hanyar ba, duk da gwamna Susana Martinez 'yar Rifablikan da ta yi mulki daga 2011 zuwa ƙarshen 2018 ba ta goyon baya. Majalisar dattawan a hannun Dimokurat take. Mutumin da ya hau kujerar na ƙi ɗan Dimokurat ne, John Arthur Smith daga garin Deming, shugaban kwamitin kuɗi, yana majalisar tun 1989, har laƙabi aka yi masa Dr. No saboda yawan cewa a'a ga duk abin da ya shafi taɓa baitulmali.

Ni dai ban ɗauki Smith a matsayin mugu ba, kuma duk wanda ya ba da labarin nan ya mai da shi dodo ya rage wa labarin armashi. Maganarsa tana da kai. Yana cewa asusun nan na dindindin ne, fetur wata rana zai ƙare, abin da ke ciki na yaran yau ne da na waɗanda ba a haifa ba, in ka ƙara ɗiba yau ka rage abin da zai haifar nan da shekara 30. Kuma an taɓa yi, a 2003 zamanin gwamna Bill Richardson an ɗaga ɗibar zuwa kashi 5.8 na wani lokaci don gyaran makarantu, masu adawa suna tambaya ina sakamakon? Ga shi a 2015 da 2016 farashin mai ya rikito jihar ta shiga matsin kasafi sosai, ya ce kun gani ko. Sannan yana nuna cewa ai majalisa tana ƙara wa shirye-shiryen yara kuɗi ta kasafin shekara-shekara, wanda gaskiya ne. Inda na rabu da shi shi ne hana a yi ƙuri'a. Shugaban kwamiti shi ke da ajanda, in bai sa ƙuduri a jerin abin da za a saurara ba to ba za a saurara ba, sauran sanatoci kuma sun samu mafaka, kowa ya ce wa matan nan wallahi ni da ya zo gabana da na duba, ai ba ya zuwa ne.

Nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Yara dubu sun cika harabar majalisa, jaridu sun ɗauka, talabijin ta nuna, amma mutum ɗaya da ke riƙe da makulli masu zaɓarsa suna can Deming da kewayenta kusa da iyakar Meziko, mafi yawan cincirindon nan kuwa daga wasu wurare suka zo. Ko sun kai dubu goma ba su da abin da za su yi masa. Kuma ziyarce-ziyarcen da ake yi ofis-ofis da yawansu ana yi ne wa waɗanda dama sun yarda, saboda su ne ke buɗe ƙofa da fara'a su ba da lokaci. Takaici ya taru har ya fara fita ta inda bai kamata ba, a 2018 Allen Sánchez ya ce akwai ɓurɓushin wariyar launin fata a cikin adawar da ake yi, 'yan majalisa na Rifablikan suka fusata suka rubuta wa Akbishop John Wester wasiƙar ƙorafi, aka kwashe kwanaki ana maganar kalamansa maimakon maganar yara.

Daga 2018 ƙasa ta fara motsi ta wasu wurare. A watan Yuli alƙaliya Sarah Singleton ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Yazzie da Martinez, wadda iyayen yara suka shigar, cewa jihar ta gaza ba yaran talakawa da na ƙabilun asali da masu koyon Turanci da masu naƙasa ilimin da kundin tsarin mulki ya wajabta. A Nuwamba Michelle Lujan Grisham ta ci gwamna, ita kuma tun a kamfen tana goyon bayan taɓa asusun. A 2019 aka yi dokar kafa ma'aikata sukutum ta ƙananan yara, ta fara aiki a Yulin 2020 ƙarƙashin Elizabeth Groginsky. A 2019 ɗin nan gwamna da kanta ta je gaban kwamitin dattawa da 'yar jikarta tana roƙon a yarda ko da rabin abin da ake nema ne, nan ma bai kai labari ba. Gwamna guda fa, da jika a hannu.

Sai dai kada a ce zuwan da ake yi duk a banza ne, don a farkon 2020 Smith da kansa yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin dokar kafa wani asusu daban na ƙananan yara, aka zuba masa kimanin dala miliyan 300 na farawa, da tsarin duk shekarar da kuɗin mai suka yi rara a ƙara masa. A karatuna wannan matsin lambar shekarun nan ce ta haifar da shi, mutum ya ga ruwa ya kai wuya ya ce to ga wannan ku bar min wancan. Kuma abin dariya asusun nan da wasu suka raina a lokacin, da kuɗin mai suka yi ambaliya bayan korona sai ga shi ya kumbura ya kai biliyoyin dala cikin 'yan shekaru.

Masu fafutuka suka karɓa, amma ba su bar wancan ɗin ba. Abin da suka yi shi ne suka daina jiran Janairu. A zaɓen fidda gwani na watan Yunin 2020, ana tsakiyar korona, ƙungiyoyi masu ra'ayin sauyi suka tsaya wa sababbin 'yan takara a mazaɓun sanatocin nan na Dimokurat da ke tare hanya. Smith ya sha kaye a hannun Neomi Martinez-Parra, malamar makaranta mai koyar da yara masu buƙata ta musamman. Mary Kay Papen wadda ke jagorantar majalisar dattawan ita ma ta faɗi, Clemente Sanchez ya faɗi, Gabriel Ramos ya faɗi. Gaskiya ba maganar yara kaɗai ta kayar da su ba, akwai rigimar wata tsohuwar dokar zubar da ciki ta 1969 da suka ƙi yarda a soke, wadda ta jawo kuɗi da ma'aikatan kamfen da yawa. Kuma an biya farashi, don a babban zaɓe na Nuwamba kujerar Smith ɗin Rifablikan ce ta ɗauke ta, Crystal Diamond ta ka da Martinez-Parra. Wato a mazaɓar an yi asarar kujera, amma a majalisa makullin ya bar hannun da yake.

To a nan ne amfanin ranakun nan na Santa Fe ya fito, ta inda ba a zata ba. Matar da shekara biyar da suka wuce muryarta ke rawa a gaban sanata yanzu ta san sunan kowane kwamiti, ta san wanda ya yi mata alkawari a baranda ya saɓa a zaure, tana da lambobin iyaye ɗari a wayarta, kuma in ta ƙwanƙwasa ƙofa a unguwarsu an san ta don ita ta raini yaran gidan. Ba sanatoci ranar ta canza ba, matan ta canza.

A zaman 2021 ƙudurin ya wuce majalisun biyu. Ba yadda aka shigar da shi ya fito ba, a majalisar dattawa aka mai da ƙarin kashi 1.25, aka ce kashi 60 na ƙarin ga ƙananan yara, 40 ga makarantun gwamnati, aka kuma sa birki cewa in darajar asusun ta faɗo ƙasa da dala biliyan 17 a dakatar da ƙarin, wanda in ka duba amsa ce ga tsoron da Smith ya yi ta faɗa. Ranar 8 ga Nuwamban 2022 aka kai wa jama'a, bayan malaman raino sun sha zagaye gida-gida, kashi 70 cikin 100 suka ce e. Abin da aka riƙe a kwamiti wajen shekara goma ana cewa ba shi da goyon baya. Da yake asalin filayen daga tarayya suka zo sai da majalisar dokokin Amurka ta sa albarka, Sanata Martin Heinrich da 'yar majalisa Melanie Stansbury suka bi ta, aka cusa amincewar cikin babbar dokar kasafi ta Disambar 2022. An ƙiyasta ɓangaren ƙananan yara zai riƙa samun wajen dala miliyan 150 a shekara.

Tun kafin ƙuri'ar ma, a 2022 gwamnatin jihar ta mai da raino kyauta ga iyalan da samunsu bai wuce ninki huɗu na ma'aunin talauci na tarayya ba, wajen dala 111,000 a shekara ga gida mai mutum huɗu. Daga 1 ga Nuwamban 2025 kuma aka cire ma'aunin gaba ɗaya, New Mexico ta zama jiha ta farko a Amurka da ta ce raino kyauta ne ga kowa ko nawa yake samu.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Kyauta a takarda ba ta nufin akwai gurbi, musamman na jarirai da kuma a ƙauyuka, ita kanta gwamnatin ta ce tana buƙatar ƙarin dubban ma'aikata da sababbin gidajen raino, kuma ba za ka samu ma'aikata ba in kanti ya fi ka biya, mafi ƙarancin albashi a jihar dala 12 ne a awa tun 2023. 'Yan Rifablikan suna tambayar me ya sa za a biya wa likita da lauya kuɗin raino, wasu 'yan Dimokurat ma suna tambayar in mai ya sake faɗuwa wa zai cike giɓin. Saboda haka har yanzu ana loda bas a Janairu, sai dai buƙatar ta koma ta albashi da matakan ƙarin girma ga malaman raino da kuma kuɗin da za a ware duk shekara a kasafi. Kasafin kuma dole ya bi ta kwamitin kuɗi na majalisar dattawa, wanda bayan tafiyar Smith ya koma hannun George Muñoz na Gallup, ɗaya daga cikin sanatocin da aka yi wa taron dangi a zaɓen fidda gwani na 2020, shi ne ya tsallake.